Koyarwar Kirista ta asali ta yi daidai da gurguzu?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'a, Kirista. Ina da aboki ɗan gwagwarmayar ɗalibai da kullum yake ce mini Yesu ne ɗan gurguzu na farko, wai masu bi na farko sun haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, babu mai cewa wannan nawa ne. Da na kai maganar wurin wani dattijon ikkilisiyarmu, sai ya ce gurguzu kafirci ne, kada in ƙara tayar da ita. To wanne ne gaskiya? Koyarwar da addinin Kirista ya tsiro a kanta ta yi daidai da gurguzu, ko ba ta yi ba?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Abin da kake son sani shi ne, in mutum ya ɗauki Attaura da annabawa da Linjila da wasiƙun manzanni, ya tattara abin da suka faɗa a kan dukiya, zai tsinci kansa cikin 'yan gurguzu ko kuwa. Na daɗe ina koyar da tarihin ikkilisiya a makarantar horar da fastoci, kuma ga yadda nake ganin lamarin. A wajen ƙarar da gurguzu ya shigar a kan masu tara dukiya suna danne talaka, Littafi Mai Tsarki ya riga shi, har ya fi shi zafin baki. A wajen hukuncin da gurguzu ya yanke, wato a karɓe gonaki da masana'antu a damƙa wa hukuma, babu inda Littafi ya ba da wannan umarni. Abokinka ya karanta aya biyu ya tsaya. Dattijon kuma, da dukan girmamawa, ya ji an ambaci Rasha ya rufe littafin.

Sai mu san wane gurguzu ake nufi, domin abubuwa dabam-dabam ne ake kira da suna ɗaya. Akwai na Karl Marx da Lenin, wanda ya ce tarihi kokawa ce tsakanin masu jari da ma'aikata, ya ce babu Allah, ya ce a ƙwace mulki a mayar da hanyoyin samar da arziki hannun jama'a, wanda a aikace ya zama hannun jam'iyya. Akwai na jam'iyyun ma'aikata na Turai, masu shiga zaɓe, masu barin kasuwa ta ci amma su ɗora haraji su biya kuɗin asibiti da makaranta da fansho. Akwai kuma na mutanen da suka yarda da kansu su haɗa abin hannunsu su zauna tare. Amsar ba ɗaya ba ce ga ukun nan.

Abin da Attaura ta shimfiɗa

Nan ne aka fi tsallakewa, alhali nan ne tushen. A Littafin Firistoci 25:23 Allah ya hana a sayar da gona har abada, dalilin da ya bayar kuwa shi ne ƙasar tasa ce, mutanen baƙi ne a wurinsa. Duk shekara ta hamsin gona tana komawa gidan da aka ba tun farko, saboda haka mai saye ba ƙasar yake saye ba, yawan girbin da ya rage kafin shekarar yake saye. Maimaitawar Shari'a 15 ta ce a yafe bashi duk shekara ta bakwai. Fitowa 22:25 ta hana karɓar ruwa a kan bashin da aka ba matalauci. An hana manomi girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa kala, wannan rabon matalauci ne da baƙo. Ladan ɗan ƙwadago kuma a biya shi a ranar, kafin rana ta faɗi.

Ka lura da abu ɗaya: waɗannan dokoki ne, ba shawarar yin sadaka ba. Sau da yawa za ka ji ana cewa taimakon matalauci a Littafi Mai Tsarki na ganin dama ne kawai, babu tilas. Wannan bai tsaya ba a gaban Attaura. Nehemiya ya tara manyan Yahuda ya sa suka mayar da gonaki da gidajen da suka karɓe a bakin bashi, har ya rantsar da su. Dokar shekara ta bakwai ta ciji masu kuɗi har ta kai suna ƙin ba da rance in shekarar ta kusa, shi ya sa malamin Yahudawa Hillel, dab da zamanin Yesu, ya fito da wata takarda da mai bin bashi zai miƙa bashinsa ga kotu don kada ya faɗi. Ba a neman wa dokar da ba ta aiki hanyar kaucewa.

Amma duba inda gonar take komawa: gidan mai ita, ba fada ba. Da Sarki Ahab ya so gonar inabin Nabot, Nabot ya ƙi, aka ƙulla masa sharri aka jajjefe shi, annabi Iliya ya zo da hukunci a kan gidan sarki. Sama'ila ma tun kafin a naɗa sarki na farko ya gargaɗi mutane cewa sarki zai ƙwace gonakinsu mafi kyau ya ba fadawansa. Ishaya 5:8 ta yi kaito ga masu haɗa gida da gida, gona da gona, har babu wurin kowa. Abin da Attaura take nema shi ne kowane gida ya riƙe abin dogaronsa. Ba ta yarda da attajirin da ke haɗiye ƙauye ba, ba ta kuma yarda da sarkin da zai haɗiye shi ba.

Yesu da masu dukiya

Ba zan sassauta maka maganar Yesu ba, domin a mumbari an sha sassauta ta. A majami'ar Nazarat ya buɗe aikinsa da karatu daga Ishaya, cewa an shafe shi ya kawo wa matalauta bishara. A Luka 6 ya sa wa matalauta albarka, ya yi wa masu arziki kaito domin sun riga sun sami ta'aziyyarsu. Ya ce ba a bauta wa Allah da dukiya tare. Ya ce wa saurayi mai arziki ya sayar da duk abin da yake da shi ya ba matalauta, da saurayin ya juya sai Yesu ya ce ya fi sauƙi raƙumi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah. Mai arzikin da Li'azaru ke kwance a ƙofarsa ba a ce ya yi sata ba, ba a ce ya doki kowa ba. Yana cin daɗinsa ne kawai yana tsallake mutum. A Matiyu 25 kuma abin da aka tambaya ranar shari'a shi ne abinci da ruwa da sutura da ziyarar marar lafiya da ɗan kurkuku.

Duk da haka, da wani ya ce masa ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya amsa da cewa wa ya naɗa shi alƙali ko mai rabo a kansu, ya juya ya gargaɗi taron a kan kwaɗayi. Zakka mai karɓar haraji rabin dukiyarsa ya bayar, ba duka ba, Yesu ya ce ceto ya sauka gidan. Mata masu hali irin su Yuwana da Suzana da dukiyarsu suka riƙa ɗaukar nauyin tafiyarsa. Da jama'a suka so naɗa shi sarki bayan ya ciyar da su, ya janye ya hau dutse. Bai tsara wa daular Roma tsarin haraji ko na mallakar ƙasa ba. Masu kafa hujja da misalin talanti don kare jari-hujja, da masu kafa hujja da misalin ma'aikatan gonar inabi da aka biya dinari ɗaya ɗaya don kare gurguzu, dukansu suna jan misali zuwa inda bai nufa ba.

Ikkilisiyar Urushalima

Ga ayoyin abokinka: Ayyukan Manzanni 2:44-45 da 4:32-35. Gaskiya ya faɗa, suna nan. Masu bi sun zama zuciya ɗaya, babu mai cewa abin hannunsa nasa ne, masu gonaki da gidaje suna sayarwa suna kawo kuɗin gaban manzanni, ana raba wa kowa gwargwadon bukatarsa, har babu mai rashi a cikinsu. Wanda ya san taken da Marx ya rubuta a 1875, cewa kowa ya bayar gwargwadon iyawarsa a ba shi gwargwadon bukatarsa, dole ya ji kamannin. Engels, abokin aikin Marx, da kansa ya yi rubutu a 1894 yana kwatanta Kiristocin farko da ƙungiyar ma'aikata ta zamaninsa.

Sai ka ci gaba zuwa sura ta 5. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka nuna kamar duka ne. Bitrus ya tambayi Hananiya: kafin ka sayar ba naka ba ne, bayan ka sayar kuma kuɗin ba a hannunka yake ba? Laifinsu ƙarya ce ga Allah, ba riƙe dukiya ba. A sura ta 12 muna iske Maryamu uwar Yohanna Markus da gidanta, har da baranya, masu bi suna taruwa a ciki suna addu'a. An ambaci Barnaba da suna domin ya sayar da gonarsa, abin da ke nuna ba kowa ne ya yi haka ba. Wanda ya tashi a karkara zai gane tsarin da sauri: akwai gandu da kowa ke ci daga rumbunsa, akwai kuma gayauna da mutum ke riƙe da ita, sai dai a Urushalima in yunwa ta taɓa wani, mai gayauna yakan sayar da ita ba tare da an ce masa ya yi ba.

Abu na biyu, abin da suka haɗa na ci ne, ba na sana'a ba. Ba mu ga sun haɗa jiragen kamun kifi ko masaƙa sun kafa masana'antar jama'a ba, gurguzu kuwa a kan mallakar hanyoyin samar da arziki ya tsaya. Na uku, ba su nemi Majalisar Yahudawa ko gwamnan Roma ya ɗora wa kowa tsarin ba.

A biranen da Bulus ya kafa ikkilisiyoyi ba mu ga an maimaita sayar da gonaki ba. Abin da muka gani shi ne gudummawar da ya tara daga Makidoniya da Akaya don matalautan Urushalima. Wasu sukan ce ai haɗa dukiyar ce ta talauta su. Nassin bai faɗi haka ba. Abin da ya ambata shi ne yunwar da aka yi a zamanin Kalaudiyas. A 2 Korantiyawa 8 Bulus ya ce manufar gudummawar ita ce a sami daidaito, yalwar wannan ta cike rashin wancan, ya kawo labarin manna da wanda ya tara da yawa bai yi rara ba. A sura ta gaba ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura, ba da tilas ba. Shi ne kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Abin dariya, wannan magana da ake jifan 'yan gurguzu da ita tana cikin sashe na 12 na tsarin mulkin Tarayyar Sobiyet na 1936.

Iyayen ikkilisiya ba su bar maganar ta mutu ba. Wajen shekara ta 197 Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta cewa Kiristoci suna tarayya a komai ban da matansu, a wuri guda kuma ya bayyana cewa kowa yana saka abin da ya ga dama cikin asusu sau ɗaya a wata, babu tilas. A tsakiyar ƙarni na 3 ikkilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Basil na Kaisariya, wanda ya ga yunwar da aka yi a yankinsa wajen 369, ya gaya wa masu rumbuna cewa gurasar da suka ɓoye ta mayunwaci ce, rigar da ke cikin akwatinsu ta mai tsiraici ce, ya kira riƙe su sata. Daga baya Toma Akwinas ya daidaita koyarwar: mallaka halal ce, amma amfanin dukiya na kowa ne, wanda kuma yunwa za ta kashe in ya ɗauki abin da zai rayu bai yi sata ba. Cikakkiyar tarayyar dukiya ta koma gidajen sufaye, da ƙungiyoyi irin Hutterawa da suka fara a Morabiya a 1528, waɗanda har yau suke zaune haka a Kanada da Amurka.

Inda hanya ta rabu

Dattijonku yana da hujja in Marx yake nufi. Marx ya kira addini banjun talakawa, kuma a bayanin manufofin 'yan kwaminis na 1848 shi da Engels sun yi wa gurguzun Kirista ba'a. A Mosko an rushe babban cocin Almasihu Mai Ceto da nakiya a 1931. Albaniya ta haramta addini gaba ɗaya a 1967. Amma a ganina saɓanin ya wuce batun akwai Allah ko babu. Marx ya ɗora asalin mugunta a kan tsarin mallaka: gyara tsarin, mutum zai gyaru. Linjila ta ce kwaɗayi daga zuciya yake fitowa, yana nan a zuciyar mai masana'anta, yana nan a zuciyar sakataren jam'iyyar da aka ba makullin rumbun ƙasa. Wanda ya gaskata haka zai ji tsoron tara dukiya da bindiga da kotu a hannu ɗaya. Haka nan koyarwar da ta ce ka ƙaunaci maƙiyinka ba za ta zauna lafiya da koyarwar da ta mai da wani rukunin mutane abokan gaba da za a kawar ba.

Sai dai kada mu wanke kanmu. Abin da ya sa maganar Marx ta shiga kunnen ma'aikata shi ne sun ga manyan coci a teburin masu masana'anta, a Rasha kuma coci na jingine da fadar sarki. Sabon Alkawari ma bai yi kiran a rushe bauta ba, Bulus ya mayar da bawa Onisimas wurin ubangidansa Filimon, ko da yake ya ce a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Mai neman juyin juya hali a cikin wasiƙun nan ba zai same shi ba.

Cocin Katolika ta bi tsakiya da gangan. Wasiƙar Fafaroma Leo na 13 ta 1891 ta kare mallaka, ta ƙi gurguzu, ta kuma nemi albashin da zai riƙe ma'aikaci, da 'yancin kafa ƙungiya. A 1931 Fafaroma Pius na 11 ya ce mutum ba zai zama Katolika na ƙwarai kuma ɗan gurguzu na haƙiƙa a lokaci ɗaya ba, a wasiƙar da ta caccaki taruwar dukiya a hannun 'yan kaɗan. A Ingila kuwa limaman Anglika irin su Maurice da Kingsley sun kira kansu 'yan gurguzu Kirista tun wajen 1848, kuma jam'iyyar Leba ta sha ruwa sosai daga majami'un Metodis. Tommy Douglas, wanda ya share fagen kiwon lafiya na gwamnati a Kanada, faston Baptis ne. A Latin Amurka, Gustavo Gutiérrez na Peru ya fitar da littafinsa na tauhidin 'yantarwa a 1971. Fadar Batikan ta yi gargaɗi a 1984 a kan aron tunanin Marx, amma ta riƙe maganar fifita matalauta.

Misalai biyu na Afirka sun fi koya mini. Julius Nyerere, shugaban Tanzaniya na farko, Katolika ne mai yawan zuwa coci, ya shelanta Ujamaa, wato gurguzu irin na Afirka, a Arusha a 1967 da niyyar ƙauyuka su haɗu da yardarsu. Da mutane suka yi nawa, daga 1973 aka koma tilas, aka kwashe miliyoyi zuwa sababbin ƙauyuka. Karatu da asibitin karkara sun yaɗu, noma kuwa ya sha wuya. A Habasha gwamnatin soja ta Derg ta mayar da ƙasar noma ta hukuma a 1975, abin da ya sauke wa manoman kudu nauyin iyayen gida, ciki har da coci mai filaye. Gwamnatin nan ce kuma ta kashe shugaban Cocin Orthodox Abuna Tewofilos da Gudina Tumsa na cocin Mekane Yesus a 1979.

Abin da na gani a aikace

Na zauna a kwamitin taimakon gwauraye da marayu na wata ikkilisiya ta karkara. Muna tara hatsi lokacin godiyar kaka, mu ajiye, mu raba ko mu ranta a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Ba a daɗe ba gunaguni ya tashi, wai ana fifita 'yan wani yare a wajen awo. Wannan shi ne ainihin rikicin Ayyukan Manzanni 6, inda masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, dukansu masu sunayen Helenanci. Mu ma sai da muka sa matan zumunta cikin masu riƙe mudu, muka buɗe littafin lissafi ana karantawa a gaban jama'a, kafin ƙura ta lafa. Rumbun mutum ɗari ke nan, waɗanda suka san juna suke cin Jibin Ubangiji tare. Shi ya sa nake jinjina wa duk mai cewa a yi wa ƙasa guda rumbu ɗaya.

Na kuma ga ɗaya gefen. Na ga mai hali da ke riƙe ladan 'yan ƙwadagon gonarsa har mako ya zagayo, ran Lahadi kuma ya yi baiko mai kauri a tafa masa. Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka danne yana kuka, kukan masu girbi ya kai kunnen Ubangiji. Fitar da zakka da baiko ba sa goge wannan. Wa'azin da ya mai da arziki alamar bangaskiya, talauci kuma alamar rashinta, ya fi nisa da Linjila fiye da abin da abokinka yake faɗa.

Ga iyakata. Ni malamin Littafi ne da tarihi, ba masanin tattalin arziki ba. Ko gwamnati ta riƙe matatar mai ko ta sayar, ko cire tallafin fetur da aka yi a Nijeriya a Mayun 2023 zai amfani talaka nan gaba ko zai ƙara nutsar da shi, wannan lissafi ne da aya ba za ta yanke maka ba, Kiristoci biyu masu tsoron Allah suna iya saɓawa a kai. Kirista yana iya zaɓen jam'iyyar gurguzu mai bin zaɓe da 'yancin addini ba tare da ya bar bangaskiyarsa ba, yana kuma iya ƙin ta in ya ga tsarinta zai ƙara yunwa. Wanda ya zaɓi kasuwa sai ya nuna inda gwauruwa da ɗan ƙwadago suka tsaya a lissafinsa, wanda ya zaɓi hukuma sai ya nuna wa zai tsare gonar Nabot.

In za ka koma wurin abokinka, ku zauna ku karanta Luka gaba ɗaya, ku zarce Ayyukan Manzanni har sura ta 6, kada ku tsaya a ta 4. Dattijon kuma kada ka je masa da gardama. Ka roƙe shi ya bayyana maka Littafin Firistoci 25 da Yakubu 5 a darasin Littafi na mako, ka bar sunan gurguzu a waje tukuna.